Ɗana ya shekara biyu a karate bai kai baƙar ɗamara ba: ana cutar mu ne?

Tambaya daga wani magidanci a Tudun Wada, Gombe: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 12 yana koyon karate sau biyu a mako, yau shekara biyu ke nan, amma har yanzu koriyar ɗamara yake ɗaurawa. Duk bayan 'yan watanni sai an karɓi kuɗin jarrabawa, kuma a ta ƙarshe ma an kayar da shi. Ɗan maƙwabcina mai shekara 10 yana taikwando a wani wurin, cikin shekara ɗaya da rabi aka ce ya samu baƙa. Ni na sa shi ne don ya iya kare kansa. Ana cin kuɗina ne, ko in sauya masa makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana su. Zan fara da abin da ya fi ɓata maka rai, wato faɗuwar yaron, domin a duk wasiƙarka shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali. Malamin da ke iya kallon ɗan mai biyansa kuɗi ya ce masa "ba ka ci ba, dawo bayan wata uku", jarrabawarsa tana da ma'ana. Na taɓa zuwa wani wuri da aka gayyace ni in zauna a teburin alƙalai, sai na tarar an riga an rubuta sunayen yara a kan takardun shaida tun kafin kowa ya cire takalmi. Yara ashirin da wani abu, babu wanda ya faɗi, har da wanda ya manta rabin abin da aka ce ya nuna. Iyaye suka yi ta tafi, ni kuwa na koma gida zuciyata ba daɗi, don na san an sayar wa yaran nan abin da ba nasu ba.

Ɗamarar nan, wadda yara ke kira bel, ba tsohon abu ba ce kamar yadda mutane ke zato. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, shi ne ya shigo da matakan cikin wasan faɗa. Ya aro su ne daga wani wasan dara da ake yi a Japan mai suna go, inda aka daɗe ana jera 'yan wasa bisa ƙwarewa. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu mataki na farko, kuma da aka fara bambanta ɗalibai da ɗamara bayan 'yan shekaru, launi biyu kawai aka sani, fari da baƙi. Karate ta ɗauki tsarin daga baya, inda Gichin Funakoshi ya ba ɗalibansa matakin farko a 1924. Launuka masu yawa kuwa a Turai suka yaɗu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi da ya koyar da judo a Faris daga 1935, saboda an lura ɗalibi yana ƙara himma idan yana ganin alamar ci gabansa a ƙugunsa. Labarin da wasu malamai ke ba yara, cewa a da farar ɗamara ce ke yin dauɗa har ta zama baƙa, tatsuniya ce.

Matakan kashi biyu ne. Na ɗalibai ana ce musu kyu a karate da judo, gup a taikwando, kuma ƙidayarsu baya take yi: a karate da taikwando galibi a fara daga 10 ko 9 a gangaro zuwa 1. Daga nan sai matakan dan, na masu baƙar ɗamara, su kuma su hau daga 1 zuwa sama. Jerin da aka fi gani a karate shi ne fari, rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, sannan baƙi, amma kowace ƙungiya da nata jerin. Shi ya sa in za ka tambayi matsayin yaro, ka tambayi lambar kyu ɗinsa, don launi kaɗai yana ruɗarwa. Koriyar wani gida tana iya zama shuɗiyar wani.

Ni in zan bayyana wa mahaifi Bahaushe wannan abu, tsangaya nake kawo masa, ba don darajar karatun biyu ɗaya ba ce, sai don tsarin ya yi kama. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan a je ga alaramma da gwani. Yaron da ya yi sauka an yi masa walima, kowa ya yi murna, amma babu wanda zai ce ya zama gwani. Baƙar ɗamara ta farko kamar saukar nan take. Sunanta ma da Japananci shodan, wato matakin farko. Ma'anarta yaro ya haɗa tushen da za a iya gina karatu a kai. Mu ne finafinai suka sa muka ɗauka duk mai baƙar ɗamara zai tashi sama ya watsa mutum goma.

Yanzu lissafin ɗanka. Sau biyu a mako, in kowane zama awa ɗaya da rabi ne, awa uku ke nan a mako, kusan awa 150 a shekara in ba a yi fashi ba. Ka cire azumi, ka cire lokacin jarrabawar boko da ranakun da ruwan sama ya hana fita, za ka ga bai kai haka ba. A makarantar karate mai tsari ana barin wata uku zuwa huɗu tsakanin ƙananan matakai, a ƙara tazarar in an kai ruwan ƙasa, kuma baƙar ɗamara kan ɗauki shekara uku zuwa biyar ga mai zuwa a kai a kai. Kore bayan shekara biyu, a wannan zuwan nasa, daidai yake.

Ɗan maƙwabcinka kuwa, kada mu yi saurin yanke hukunci. A taikwando ta Kukkiwon, hedikwatar da aka buɗe a Seoul ta Koriya ta Kudu a 1972, yaron da bai kai shekara 15 ba ba a ba shi dan. Abin da ake ba shi sunansa pum, ɗamararsa rabi ja rabi baƙi, sai ya cika shekarun a mayar masa da ita dan. Kuma yaron da ke zuwa kwana biyar a mako zai iya tara, cikin shekara ɗaya da rabi, awannin da ɗanka zai yi kusan shekara huɗu yana tarawa. In takardarsa ta Kukkiwon ce, tana da lamba, ana kuma iya duba ta a shafinsu na intanet. In kuwa malamin ne ya buga ta a shagon kwamfuta ya sa hannu shi kaɗai, to darajarta ba ta wuce ƙofar makarantarsa ba. Ko bayan dan na farko ma akwai jira a tsarin Kukkiwon: shekara ɗaya kafin na biyu, biyu kafin na uku, uku kafin na huɗu. Saboda haka matashin da ya ce maka ya fara shekara biyar da suka wuce kuma yana dan na biyar, ka san akwai gyara a zancen.

Me ake dubawa a ranar jarrabawa? A karate abu uku ne. Kihon shi ne tushe: tsayuwa, naushi, shuri, tare duka. Kata jerin motsi ne da aka haddace ana yi shi kaɗai. A salon Shotokan ana bi ta kata biyar masu suna Heian, sannan Tekki Shodan, sannan irin su Bassai Dai a kusa da baƙa. Kumite kuma gwabzawa ce da abokin karawa, a fara da wadda aka tsara, wane zai kawo duka wane zai tare, har a kai ga ta sakaka. Mu alƙalai ba haddar kaɗai muke kallo ba. Ina kallon ko diddigensa na ɗagawa in ya kai naushi, ko ƙugu ne ke tura hannun ko kafaɗa ce kawai, ko yana rufe ido in duka ya taho, ko yana iya tsayar da hannunsa dab da fuskar ƙaramin yaro ba tare da ya taɓa shi ba. Wannan na ƙarshen ya fi mini komai. Yaron da ya iya duka amma bai iya janye hannu ba, ba na ƙara masa mataki ko da ya fi kowa ƙarfi.

Sai batun da ya sa ka kai shi tun farko, kare kai. Nan dole in gaya maka gaskiya, Alhaji: ɗamara tana auna yawan abin da yaro ya koya daga manhajar makarantarsa, ba ta auna abin da zai faru a lungu da dare ba. A jarrabawa mutum ɗaya ne a gabansa, babu makami, akwai alƙali mai tsayar da wasa. Mai ƙwacen waya ba shi kaɗai yake zuwa ba, kuma da wuƙa yake zuwa. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san labarin 'yan daban nan da ake kira 'yan kalare. Ina gaya wa ɗalibaina, har masu baƙar ɗamara, in an zaro ƙarfe a miƙa wayar a nemi hanyar gudu. Ka duba damben gargajiya namu: babu ɗamara, babu takarda, ana sanin ɗan dambe ne da abin da ya yi a turmi uku a gaban jama'a. Damben boksin ma haka, ba shi da matakan launi. Abin da ke sa horo ya yi amfani a waje shi ne yawan karawa da wanda ke mayar da martani da gaske, da sanin yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba, da iya kuɓucewa in an riƙe wuya ko hannu, da natsuwar da ke hana yaro shiga rigimar da zai iya kauce mata. In makarantar ɗanka kata kawai ake yi wata da watanni babu kumite, wannan ya fi jinkirin ɗamara zama abin damuwa.

Kuɗin jarrabawa ba laifi ba ne a kansa. Ana sayen sabuwar ɗamara, ana buga takarda, wani lokaci ana ɗauko alƙali daga Bauchi ko Jos a biya masa mota da masauki. Inda nake zargi shi ne in kuɗin na ninkuwa ba bayani, ko a ƙirƙiro launuka da ratsi-ratsi barkatai don a yawaita ranakun biya, ko a ce wanda ya faɗi sai ya sake biyan kuɗin ɗamarar da bai karɓa ba.

Kada ka cire shi yanzu, musamman bayan faɗuwa, don zai ɗauka in abu ya yi wuya sauya wuri ake yi. Ka je da kanka ranar horo, ka zauna daga gefe har a tashi. Bayan an sallami yara ka gaisa da malamin, ka tambaye shi wa ya ba shi nasa dan ɗin kuma a wace shekara, wace ƙungiya makarantar ke ƙarƙashinta, ko suna da alaƙa da hukumar wasanni ta jiha, ko yaransa na fita gasa suna karawa da na wasu. Malamin kirki yana jin daɗin irin wannan tambaya, kamar yadda almajiri ke jin daɗin ambaton malamansa. Sannan ka roƙe shi ya nuna maka, a gaban yaron, abu biyu ko uku da suka kayar da shi. Ka rubuta su a takarda, ka liƙa a ɗakinsa, ka ba shi minti goma sha biyar a tsakar gida bayan la'asar yana maimaita su kafin zagaye na gaba.