Kun Tambaya, Mun Amsa: Odum da Shiyyoyin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin nazarin zamantakewa. Malaminmu ya ambaci Howard Odum da yadda ya kasa Amurka shiyya-shiyya. Wane ne shi? Kuma hanyarsa za ta yi min aiki a kan jiharmu? Daga Unguwar Sarki, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Odum masanin zamantakewa ne ɗan Amurka, an haife shi a jihar Jojiya a 1884, ya rasu a 1954. Digirin digirgir biyu gare shi, na Jami'ar Clark (1909) da na Columbia (1910). A 1920 ya koma Jami'ar North Carolina, inda ya kafa mujallar Social Forces a 1922. Ya tattara waƙoƙin baƙaƙen fatar kudu da yawa, sai dai rubutunsa na farko cike yake da wariyar zamaninsa. Ki karanta shi da lura.

Hanyarsa tana cikin littafinsa na 1936, Southern Regions of the United States. Bai yarda da iyakar arewa da kudu da Yaƙin Basasar Amurka ya bari a bakin mutane ba. Ma'aunai sama da 700 ya tara, irin su kuɗin shiga, noman gonar haya da kuɗin da ake kashe wa makarantu, ya gwada jihohi 48 na lokacin a kansu. Waɗanda suka yi kama ya haɗa su, aka sami shiyya 6. Texas da Oklahoma, da kowa ke kira kudu, suka faɗa kudu maso yamma. Jihohi 11 suka rage a kudu maso gabas.

A Kaduna, ƙananan hukumomi 23 za ki jera. Ma'auni 15 zuwa 20 sun ishe ki: cittar Kachia da Jaba, masarar Saminaka, raken Makarfi, yawan ɗalibai, asibitoci, ranakun kasuwa. Kowane adadi ki mayar da shi bisa mutum 1,000, in ba haka ba yawan jama'ar birni zai danne komai.

Inda aikin ke ɓaci shi ne iyaka. Odum ya bi iyakar jihohi ne don alƙaluman gwamnati haka suke zuwa, alhali al'ada ba ta san iyaka ba. Ke ma haka za ki gani: Rigasa tana Igabi, Sabon Tasha tana Chikun, duk cikin garin Kaduna, amma lissafi zai cakuɗa su da ƙauyuka. Nan sai ki sauko matakin gunduma. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma ta 2006 ce, don haka kowane adadi ki rubuta shekararsa a gefe.