Matsayina na Diamond a Royal Caribbean zai bi ni zuwa Celebrity?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston ta Amurka, kuma mun daɗe muna hawa jiragen ruwan shaƙatawa na Royal Caribbean daga Galveston, ni da yara, har na kai matsayin Diamond. Bazara mai zuwa muna so mu je Alaska. An ce mini Celebrity da Royal gida ɗaya ne. Shin za su karɓe ni da matsayina, kuma kwanakin da zan yi a can za su ƙaru a kan makina? Shi kuma maigida yana da Platinum a Carnival, yana cewa mu hau Princess tunda su ma 'yan uwan Carnival ne. Ba ma shan giya, don haka ina so in san abin da zai amfane mu da gaske.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsayinki zai bi ki zuwa Celebrity. Makinki kuwa ba zai haɗu da nasu ya zama tuli ɗaya ba. Shi kuma Alhaji, ki lallashe shi, Platinum ɗinsa na Carnival ba ya aiki a Princess.

Royal Caribbean da Celebrity da Silversea duk suna ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya, Royal Caribbean Group. Ta sayi Celebrity a 1997, ta sayi kashi biyu cikin uku na Silversea a 2018, ta ƙarasa sayen ragowar a 2020. Kowanne yana da nasa tsarin karrama tsofaffin fasinjoji: Crown & Anchor Society a Royal, Captain's Club a Celebrity, Venetian Society a Silversea. A da, a cikin ukun nan Royal da Celebrity kaɗai ke mutunta matsayin juna, kuma da iyaka, domin ko mutum ya kai ƙololuwa a Royal, bai wuce Elite ba idan ya taka jirgin Celebrity. A watan Mayu na 2024 aka ɗage wannan iyakar, aka kuma shigo da Silversea cikin tsarin. Yanzu Gold yana daidai da Classic, Platinum da Emerald suna daidai da Select, Diamond ɗinki shi ne Elite, Diamond Plus ya zama Elite Plus, Pinnacle kuma Zenith.

Ke nan ranar da kika shiga jirgin Celebrity, ko da ba ki taɓa kwana a cikinsa ba, katin ɗakinki zai fito da Elite. Wannan ba ƙaramar riba ba ce idan aka duba yadda ake samun Elite da gumin kai. A Royal ana ba da maki ɗaya a kowane dare, biyu idan ɗakin alfarma ne, kuma Diamond yana farawa daga maki 80. A Celebrity lissafin ya dogara da irin ɗakin: ɗakin ciki ko mai taga maki 2 a dare, mai baranda 3, ɗakunan baranda masu ƙarin hidima, wato Concierge da AquaClass, 5, ɗakunan alfarma daga 8 zuwa sama, sannan Elite yana buƙatar maki 300. Mai kama ɗakin baranda sai ya kwana ɗari kafin ya kai, mai ɗakin ciki ɗari da hamsin. Ke da kwana tamanin a Royal, ko a ɗakin ciki ne mafi arha, kin riga kin tsallake wannan duka.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauka matsayi da maki abu ɗaya ne. Kamar mai sarauta ne da ya sauka baƙunci a wani gari: za a shimfiɗa masa darduma saboda rawaninsa, amma ba za a yanka masa gona a garin ba. A asusunki na Captain's Club makinki sifili ne, ko da katin yana cewa Elite. Idan kika yi mako guda a ɗakin baranda, asusun zai nuna 21. Ba za a ɗora 21 ɗin a kan 300 ba, daga ƙasa kike farawa, kuma Elite Plus na Celebrity yana can a maki 750. Hanyarki mafi kusa zuwa Elite Plus ita ce ki kai Diamond Plus a Royal, wato maki 175, sai ya janyo ɗaya gefen da kansa. Kamfanin ya ga ƙorafin da ake yi kan wannan, shi ya sa ya sanar da wani tsari mai suna Points Choice da ya fara aiki a farkon 2026, wanda ke ba fasinja damar neman a mayar da makin tafiyar da ya yi a Celebrity zuwa asusunsa na Royal, ko akasin haka. Ba ya faruwa da kansa, nema ake yi cikin ƙayyadadden lokaci, kuma ana juya makin ne bisa ma'aunin da su suka tsara. A halin da kike ciki, ni zan tura makin Alaska zuwa Royal, domin 21 a asusun da ke neman 750 ba zai motsa komai ba.

Akwai kuma abin da matsayin aro ba ya kawowa sam: tafiyar kyauta. Royal na ba da tafiya kyauta idan mutum ya kai maki 700, Celebrity a 3,000, Silversea a kwana 350 da kuma 500. Waɗannan sai wanda ya tara makin a wannan kamfanin da kansa. Mai Pinnacle da ya zama Zenith ta hanyar daidaitawa ba zai je ya nemi tikitin kyauta a Celebrity ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, tunda kin ce ba ku shan giya. Alfarmar da za a yi miki a Celebrity ta Celebrity ce, ba ta Royal ba. Kin san yadda abin yake a Royal: kullum da safe akwai abin sha huɗu kyauta a kan katinki, kowanne har na dala 14, ki miƙa katin a kowane lokaci, a ba ki kofi mai madara a Café Promenade, ko matsattsen lemo, ko ruwan kwalba ki sa a jaka kafin ku sauka gari. Mako guda ya zama 28. Ga iyalin da ba su taɓa barasa ba, a ganina wannan ita ce alfarmar da ta fi kowace daraja a duk harkar jiragen shaƙatawa, saboda ba ta tilasta miki zama a mashaya. To, wannan ba ta ƙetarawa. A Celebrity abin da Elite ke samu shi ne sa'o'i biyu na yamma, daga ƙarfe 5 zuwa 7, inda ake shan wasu zaɓaɓɓun abubuwa kyauta a mashayun jirgin, ban da ranar shiga. An gina shi ne don masu shan giya kafin abincin dare. Za ki iya karɓar lemo, amma kofi da ruwan da kika saba ɗauka a duk lokacin da kika so, sai ki biya.

Abin da zai amfane ki a can daban ne. Na farko wanki: Elite yana da jaka ɗaya ta wanki kyauta a kowace tafiya. A Alaska, inda za ku riƙa sa kaya kan kaya saboda sanyi da yayyafi, rana ta huɗu za ki ga tulin safa da rigunan ciki na yara a kusurwar ɗaki. Ki naɗe su tamau kamar tabarma, ki cusa a jakar, ki rubuta a takardar da ke tare da ita, mai kula da ɗaki ya ɗauka, su dawo a ninke. Akwai rangwame a kuɗin intanet, akwai ɗan karin kumallo da kofi na 'yan Elite da safe, akwai shiga Persian Garden, wurin gashin jiki da tururi, rana ɗaya idan jirgi yana tashar ruwa, da fifiko wajen shiga ƙananan kwale-kwalen da ke kai fasinja gaɓa idan jirgin bai samu wurin jingina ba. Kofi na musamman kyauta a Café al Bacio, shagon kofin jirgin, kuwa sai Elite Plus, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ki ci gaba da tara makinki wuri ɗaya har ki kai 175.

Ki lura da yara. A Royal, yaro ɗan ƙasa da shekara 18 yana cin albarkacin matsayin iyayensa. Captain's Club kuwa na manya ne, daga 18 zuwa sama, don haka katunan yara ba za su fito da Elite ba.

Sai batun Alhaji. Gaskiyarsa ce cewa Princess 'yar uwar Carnival ce. Carnival Corporation ce ke da Carnival, Princess, Holland America, Cunard, Seabourn, Costa, AIDA da P&O ta Ingila. Gida ne da ya fi na Royal yawan 'ya'ya nesa ba kusa ba, amma kowa da tukunyarsa. Platinum a VIFP Club, tsarin karrama fasinjoji na Carnival, bisa ƙa'idar 2025 ana samunsa ne da kwana 75, Diamond da kwana 200, kuma idan ya je Princess zai shiga nata tsarin, Captain's Circle, a matsayin sabon shiga. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne sunayen sun yi kama: Princess ma tana da nata Platinum da nata Elite, sai mutum ya zaci an riga an daidaita. Elite na Princess sai an yi tafiya 15 ko kwana 150 a jiragenta. Haka Holland America, taurarin Mariner Society nata ne ita kaɗai. Kuma Alhaji ya sa ido a kan nasa matsayin ma, domin a 2025 Carnival ta sanar cewa za ta maye gurbin VIFP da Carnival Rewards a 2026, inda kuɗin da mutum ya kashe ne zai riƙa ƙayyade matsayi, kuma sai an riƙa sabunta shi maimakon ya zauna har abada. Tsofaffin fasinjoji sun yi fushi ƙwarai, kuma ina ganin suna da hujja, domin mutum ya shafe shekaru yana tara kwanaki a kan wata ƙa'ida, rana ɗaya a ce masa ma'auni ya canza.

Wannan ya sa ba na ƙarfafa kowa ya kashe kuɗin da bai yi niyya ba don neman launin kati. Kamfani ne ke rubuta dokar, shi ne kuma ke goge ta. Azamara ta kasance 'yar gidan Royal, matsayi yana yawo tsakaninsu, sai aka sayar da ita ga kamfanin zuba jari Sycamore Partners a 2021, daga baya aka yanke wannan zumuncin. TUI Cruises ta Jamus kuma, wadda Royal ke da rabin hannun jarinta, ba ta cikin tsarin tun farko.

Abu ɗaya da ke aiki a duk jiragen gidan Carnival shi ne hannun jari. Wanda ke da hannun jari 100 na Carnival Corporation yana iya neman kuɗin kashewa a cikin jirgi: dala 50 a tafiyar kwana 6 ko ƙasa, dala 100 a ta kwana 7 zuwa 13, dala 250 daga kwana 14 zuwa sama, ɗaki ɗaya a kowace tafiya, ko Carnival ce ko Princess ko Holland America. Royal Caribbean Group ma tana da irinsa. Ban ce ku sayi hannun jari don dala ɗari ba, farashinsa yana hawa yana sauka, kuma kamfanoni ne da ke da gidajen caca da mashaya a jiragensu, abin da mai kula da halascin jarinsa zai so ya tambayi malamai a kai. Na faɗa ne don ki san yana nan.

Sauran gidaje a taƙaice: Norwegian da Oceania da Regent, waɗanda uwarsu ɗaya, sun fara mutunta matsayin juna daga Oktoba 2025, amma sai an nema kafin tafiya. MSC ta fi kowa sakin hannu, tana karɓar matsayi daga kamfanonin da ba nata ba, har da na otal-otal, ta ba da kwatankwacinsa a Voyagers Club. Duk ku biyun kuna iya tura mata shaidar katunanku kyauta, sai dai matsayin yana faɗuwa idan aka yi shekaru ba a hau jirginta ba, don haka kada ku nema sai kun kusa yin tafiya da ita.

Game da Alaska kuwa, kada ki bar jakar wanki ta zaɓa muku jirgi. Princess da Holland America sun daɗe a wannan yankin, kuma suna cikin waɗanda ke da izinin shiga Glacier Bay, mashigin teku mai duwatsun ƙanƙara, inda ake ƙayyade yawan manyan jiragen da ke shiga a rana. Jiragen Celebrity galibi suna zuwa Hubbard Glacier ne ko Endicott Arm, su ma wurare ne masu kyau, amma ba su ne Glacier Bay ba. Idan wannan ce tafiyarku ta Alaska ta farko, kuma wataƙila ba za a sake ba nan kusa, shawarar Alhaji ta Princess tana da ƙarfi, ko da dalilin da ya kawo bai tsaya ba. Ki ɗauki farashin ɗaki iri ɗaya a jiragen biyu, ki cire wa Celebrity abin da wanki da rangwamen intanet za su rage miki, sannan ki duba wace hanya ce ta fi kwanta muku. Ga iyalin da ba su sha, bambancin da Elite zai kawo a mako guda bai kai ya rufe ratar farashi mai yawa ba.

Idan Celebrity kuka zaɓa, kada ki bari sai ranar tafiya. Ki buɗe asusun Captain's Club tun yanzu da suna da ranar haihuwa da adireshin imel iri ɗaya da na asusunki na Crown & Anchor, harafi da harafi. Mu da sunayenmu ke zuwa da rubutu iri-iri, A'isha a nan, Aishatu a can, sunan uba a wani katin, sunan miji a wani, wannan ne ya fi hana asusu biyu gane juna. Idan kwanaki suka wuce Elite bai bayyana a manhajar Celebrity ba, ki kira sashen Captain's Club da lambarki ta Royal a hannu. Bayan ya fito, ki ba ejan ɗin da ya yanka miki tikiti lambar Captain's Club ɗin ya saka a rajistar tafiyar, domin lambar Royal ba ta aiki a takardun Celebrity, kuma gyara a teburin jirgi ranar shiga yana nufin tsayawa dogon layi da yara da jakunkuna.