Maigidana ya hana a yi wa yara rigakafin mashaƙo

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Masu rigakafin mashaƙo sun zo layinmu, baban yara ya ce ba mai taɓa mai 'ya'ya, wai an turo mai saƙon murya a WhatsApp cewa allurar na hana haihuwa. Ni kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ya zan yi?
Wata uwa daga Rigasa, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko dai kar ki ce mai jahili, tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, kuma har yau mutanenmu ba su manta ba.

To amma ki duba abin da ya biyo baya. A 2003 irin wannan maganar ta hana haihuwa ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara har da Kadunar nan tamu, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, yara suka shanye, wasunsu yanzu magidanta ne kina ganinsu suna jan jiki a titi, abin na ci min rai wallahi. Yaran da aka ɗiga wa kuwa sun girma sun yi aure suna ta haihuwa. Da me aka shawo kan abin? Ba da faɗa ba, sarakuna da malamai ne suka shigo gaba, sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Haka za ki bi da shi. Ki nemo wanda yake jin maganarsa, liman ko yayansa, ko ma'aikaciyar asibitin unguwa da ya sani, a zauna a amsa mai tambayoyinsa. Cikin lalama ki tambaye shi waye mai muryar, a ina yake aiki? Ki tuna mai 2014 lokacin Ebola, da saƙon waya ya tashi jama'a cikin dare wanka da ruwan gishiri har wasu suka sha suka mutu.

Ki ɗauko katin yaran ma, rigakafin mashaƙo na cikin allurar penta da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14, ba sabon abu ba ne. Kafin nan in kin ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, kar ki tsaya kemis, asibiti kai tsaye ko da dare ne, don toshe numfashi yake yi.