Amsa: Dole ne a cire wa ƙanwata mahaifa?

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba ta lafiya. Kin ce sankarar ƙwan mahaifa ce matakin farko, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Tiyata ce gaba da komai. Amma idan ciwon bai wuce ƙwai ɗaya ba, likita na iya cire wannan ɓangaren kaɗai ya bar mahaifa da ɗaya ƙwan. Ku faɗa masa tana son haihuwa tun kafin a shiga aiki.

Bayan tiyata, wasu ana ƙara masu ƙarin ruwa na magungunan sankara, wato carboplatin da paclitaxel, duk bayan mako 3, zagaye 3 zuwa 6.

Tunda kuna Kumasi, ku nufi asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Don Allah kada jiƙe-jiƙe ya cinye maku lokaci.