Ranar Asabar Zan Cika Kuɗin Gida, Me Zan Shirya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce a Kano. Na haɗa kuɗin adashi da ɗan abin da na gada na taya wani gida a Ɗorayi, aka sallama mini a kan naira miliyan 18, har na ba da miliyan 2 kafin alƙalami. Gidan na gado ne, magada bakwai, babban wansu ne ke magana da yawunsu. Akwai 'yan haya biyu a ciki. Dillali ya ce ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidan mai unguwa, in cika kuɗi a ba ni takardu. Me ya kamata in shirya? Wallahi gabana sai faɗuwa yake.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sanya alheri, ya sa ki shiga a sa'a.

Kafin komai, a ɗaga ranar nan. Asabar bayan la'asar banki a rufe, ma'aikatar ƙasa a rufe, in wata magana ta taso ba inda za ki tabbatar da ita, ga mutane sun taru suna kallonki, kunya ta sa ki biya. Ki ce Talata ko Laraba da hantsi. Mai sayarwa na gaskiya ba zai fasa ciniki saboda kwana uku ba. In kuwa dillali ya fara cewa akwai wani Alhaji da kuɗinsa a hannu yana jira, ki ce masa Allah ya ba mai rabo sa'a, ki ga ko zai tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne magada bakwai da bakin mutum ɗaya. Babban wa yana da girmansa, amma girma ba ya sayar da rabon wani. Ina son ki san sunan kowane ɗaya cikin bakwai ɗin nan, ki kuma tambaya ko matar marigayin tana raye, domin tana da tumuninta a gidan. Shari'un gidan gado da na gani, yawanci ba maza ne ke tayar da su ba. Wata ƙanwa ce da ke aure a Gusau ko Zariya, wadda aka ce "ai ta yarda" ba a taɓa tambayarta ba, sai bayan shekara biyu, kin yi fenti kin sa tayil, sammaci ya iso. Saboda haka kowa ya zo ya sa hannu da kansa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da takardar wakilci, ki kuma ji muryarsa a waya a gaban shaidu. In akwai yaro ƙarami a cikinsu, rabon maraya ba a sayar da shi da baki, a kawo takardar kotun da ta yi rabon gadon ko ta ba da izinin sayarwa. Wannan takardar ta fi mini hatimin kowa daraja.

Sai takardun gidan. Ba ki faɗa mini ba ko mai satifiket ɗin mallaka na gwamnati ne ko awon igiya, wato filin da aka yanka ba ta hannun gwamnati ba. In mai satifiket ne, a makon nan ki sa lauya ya kai lambarsa KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, akwai bashin harajin ƙasa ko babu. Ranar biya kuma asalin satifiket ɗin za a ajiye a kan tabarma. Duk wanda ya miƙo miki hoto ya ce asalin yana wurin wani kawu, to ki ɗauka yana wurin wanda ake bi bashi har sai an nuna miki akasin haka. Ki kuma sani Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce ba a mayar da irin wannan mallaka ga wani sai da amincewar gwamna. Wato ko kin biya kin karɓi makulli, sunan marigayin ne a rajistar gwamnati har sai kin bi sawun canjin suna, kin biya kuɗin hatimi da na rajista. Ki ware wa wannan kuɗinsa tun yanzu, kada ki kashe komai a labule da kujeru.

In awon igiya ne, ki nemi duk takardun cinikin da aka taɓa yi a kansa tun daga mai gonar farko, kowace da shaidunta. Ki leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ki tabbatar gidan bai hau hanya ko magudanar ruwa ba. Ki gaisa da maƙwabtan dama da hagu, su nuna miki iyaka da bakinsu.

Batun kuɗi gajere ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka maganar zuwa da Ghana-mas-go ba ta taso ba. Ki je bankinki tun da wuri ki ji iyakar abin da za ki iya turawa a rana, kada a zauna ki tarar wayarki ba ta wuce miliyan ɗaya. Asusun da za a tura wa, a rubuta shi a cikin takardar ciniki, magada duka su amince da shi. Ba asusun dillali ba, ko da limamin unguwa ne ya tsaya masa. La'adarsa kuma a yanke ta tun kafin ranar, nawa ce, wa zai biya, don dillalai kan yi yawa a ranar biya, har wanda bai taɓa ganin gidan ba sai ya ce shi ya fara jin labari.

Da safen ranar ki sake zaga gidan da wani namiji naki. Na ga inda aka cire tankin ruwa da sumo da ƙofar banɗaki tsakanin sallamawa da biya. Ki duba bil ɗin wuta na ƙarshe, domin in akwai bashi, ƙofarki masu tsani za su zo. 'Yan hayan nan biyu kuma ki zauna da su: yaushe kuɗinsu zai ƙare, wa suka biya, ina rasit. Mai biyan shekara yawanci notis ɗin wata shida doka ta ba shi, kada ki sa ranar tarewa kafin ki san wannan.

A wurin zaman, ki zo da shaidunki biyu, naki na kanki. A karanta takardar da ƙarfi, a fassara ta da Hausa in da Turanci aka rubuta. Asalin takardu su fito, magada su sa hannu, shaidu da mai unguwa su sa, sannan ki tura kuɗi, su tabbatar ya shiga, a ba ki rasit da makullai. Miliyan 2 ɗin da kika fara bayarwa, ki tabbatar an ambace ta a cikin takardar da ranar da kika bayar, don jimillar ta tashi miliyan 18 cif.