Amsa: Kada ka kai wa maƙeri tukuna

Malam, ka ce ka samu tsofaffin alƙaluman tawada a akwatin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, kana tambaya ko ka cire zinariyarsu ka sayar. Ni dai na ce dakata.

Fara duba bakin alƙalamin da kyau, da tabarau idan ya kama. In ka ga 14K ko 585, zinariya ce kashi 58.5 cikin 100; 18K ko 750 kuwa kashi 75. Amma bakin nan ko giram ɗaya ba ya kaiwa, wani ma bai kai rabi ba. Murfin da ke ƙyalli, in an rubuta GF a jikinsa, ɓawon zinariya ne aka shimfiɗa kan tagulla, maƙeri ba zai ba ka abin kirki a kai ba.

Sannan ka duba suna. Parker 51, wanda ya fito a 1941, ko Montblanc 149 na 1952, masu tara tsofaffin kaya suna sayensu fiye da kuɗin zinariyar nesa ba kusa ba, muddin bakin asali na nan. Ka cire shi, ka kashe alƙalamin ke nan. Sai dai ka lura, Hero 616 na China kamarsu ɗaya da Parker 51, amma bakinsa ƙarfe ne.

Wanda bakinsa ya tsage, gangar jikin ta farfashe, wannan kam a ɗora a sikeli. Sauran ka ɗauraye su da ruwan sanyi kawai, ban da ruwan zafi, ka ɗauko mana hotonsu mu gani.