Zagayen bakin teku da keke a Cape Town

Ɗan'uwa, ka ce kana taka keke daga Gombe zuwa Dadin Kowa, yanzu karatu zai kai ka Afirka ta Kudu kana son ka zagaye tsibirin nan na Cape Town mai haɗe da ƙasa, ta ina za ka fara?

To bi hanyar gasar Cape Town Cycle Tour da ake yi duk watan Maris, wajen kilomita 109 ce. Ka fito daga gari ka gangara Muizenberg, Simon's Town, ka juyo ta Scarborough, ka hau Chapman's Peak, Hout Bay sai Camps Bay. Kar ka juya tsarin don Allah, can a hannun hagu ake tuƙi, in ka bi haka teku na gefenka yawancin tafiyar, kuma iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa lokacin zafinsu za ka yi fama da ita da safe da sauran ƙarfinka, a dawowa ita za ta riƙa tura ka.

Inda mutane ke kuskure shi ne raina hawa. Chapman's Peak dutse ne a dama, teku can ƙasa a hagu, kyau kam ba a magana, amma bayansa akwai hawan Suikerbossie lokacin ƙafa ta mutu. Wani lokacin ma ana rufe hanyar saboda faɗowar duwatsu, ka duba kafin ka fita. Akwai gwaggon biri kuma wajen Cape Point, can ƙarshen tsibirin ta kudu, ɓoye abincinka.

Hular kwano dole ce. Ka kai wa makaniki ya duba birki da giya, sannan ka nemi ƙungiyar 'yan keke ta can ku fita tare, su suka san inda ba a bi mutum ɗaya.